Girman Hifokamfas da Tafiyar Ciwon Sikizofiriniya a Shekarun Farko

Sharhin yau ya shafi wani ɗan ƙaramin sashe na ƙwaƙwalwar ɗan Adam da masana ke kira hifokamfas, da dangantakar girmansa da yadda ciwon taɓin hankalin nan mai suna sikizofiriniya yake tafiya a shekarunsa na farko. Tambayar da masana suka daɗe suna bi ita ce: idan aka auna wannan sashe a ƙwaƙwalwar matashin da ciwon ya fara kamawa, shin awon zai iya nuna inda ciwon ya dosa? Ga amsar a taƙaice tun da fari, domin mai sauraro ya riƙe ta har ƙarshen shiri. Idan aka haɗa marasa lafiya masu yawa aka auna, hifokamfas ɗinsu ya ɗan fi na sauran mutane ƙanƙanta, kuma ƙanƙantar tana nan tun ranar da aka fara kai su asibiti. Tana da alaƙa da yadda ciwon zai kasance. Amma ba ta yanke wa kowa hukunci, kuma binciken da ya bi marasa lafiya a shekarun farko na ciwon bai nuna cewa sashen yana ta zaizayewa babu tsayawa ba.

Kafin a shiga maganar awo, ya kamata a fara da bayanin ciwon kansa. Sikizofiriniya ciwo ne na ƙwaƙwalwa da ke rikita yadda mutum yake fahimtar abin da ke kewaye da shi, har ya riƙa jin muryoyin da babu mai jin su sai shi, ko ya yi imani mai ƙarfi da abin da ba haka yake ba, kamar ya tabbatar wa kansa cewa maƙwabta sun haɗa baki za su cutar da shi, ko cewa mai magana a rediyo da shi kaɗai yake. Akwai kuma wasu alamun da ba su da hayaniya, waɗanda iyali kan ɗauka lalaci ne ko girman kai: matashi ya janye daga mutane, maganarsa ta ragu, ya daina kula da wanka da sutura, karatu ko sana'a su gagare shi. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 1 cikin 300 na ɗauke da wannan ciwo a duniya. Yakan bayyana ne daga ƙarshen shekarun samartaka zuwa shekaru ashirin da wani abu, kuma yakan riski maza da wuri fiye da mata.

Abin da ya fi muhimmanci ga sharhin yau shi ne cewa ciwon ba hanya ɗaya yake bi ba. Wani matashin zai rikice sau ɗaya, a yi masa magani, ya warware, ya koma makaranta ko kasuwa. Wani kuma ciwon zai riƙa tafiya yana dawowa. Akwai wanda alamun za su zauna masa shekara da shekaru. Saboda wannan bambanci ne littafin ƙa'idojin gano cututtukan ƙwaƙwalwa da likitocin Amurka ke amfani da shi bai yarda a kira ciwon sikizofiriniya ba sai alamun sun kai wata 6. Idan sun wuce wata ɗaya amma ba su kai shida ba, akwai wani suna na wucin gadi da ake ba shi, wanda ke nufin ciwo mai kama da sikizofiriniya. A ranar farko da aka kawo matashi asibiti, likita ba shi da wata hanya tabbatacciya ta sanin wacce daga cikin hanyoyin nan ciwon zai bi. Wannan rashin sani shi ya sa masana suka juya ga hoton ƙwaƙwalwa, suna neman alamar da za ta haska musu gaba.

To, mene ne hifokamfas? Wani lanƙwasasshen sashe ne da ke can cikin ƙwaƙwalwa, daura da kunne, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kuma tsawon kowanne bai wuce santimita 5 ba. Duniya ta fahimci aikinsa ne ta hanyar wani abin tausayi da ya faru a Amurka a shekarar 1953, lokacin da wani likitan tiyata mai suna William Scoville ya cire mafi yawan wannan sashe daga ɓangarorin biyu na ƙwaƙwalwar wani matashi, Henry Molaison, da niyyar rage masa farfaɗiya mai tsanani. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma daga ranar har rasuwarsa a 2008 bai ƙara iya ajiye sabon abin da ya faru da shi a ƙwaƙwalwa ba. Yakan gaisa da mutum, bayan ɗan lokaci ya sake ganinsa kamar baƙo. Masaniyar halayyar ɗan Adam Brenda Milner, wadda ta shafe shekaru tana nazarinsa, ita ta nuna cewa hifokamfas ne ke ɗaure abubuwan da suka faru da wurin da suka faru da lokacin da suka faru, ya mayar da su tunani mai ɗorewa. Daga baya John O'Keefe na Landan ya gano a 1971 cewa akwai ƙwayoyin jijiya a wannan sashe da ke riƙe taswirar wurin da halitta take, binciken da ya kai shi ga samun kyautar Nobel a 2014.

Mai sauraro zai iya ganin dalilin da ya sa masu nazarin sikizofiriniya suka damu da wannan sashe. Hifokamfas yana taimaka wa mutum ya bambanta sabon abu da wanda ya saba gani, ya bambanta abin da ya faru da gaske da abin da ya raya a zuciya kawai, kuma ɓangarensa na gaba yana da igiyoyin sadarwa masu yawa zuwa sassan da ke kula da tsoro da damuwa da kwaɗayin abu. Idan wannan aiki ya karkace, abin da ba shi da wata ma'ana zai iya zama wa mutum babban saƙo, fuskar da bai sani ba ta zama masa ta maƙiyi. Ban da haka, raunin riƙe abu a ƙwaƙwalwa yana cikin matsalolin da suka fi hana masu wannan ciwo komawa karatu da aiki, ko bayan muryoyin sun yi shiru.

Yanzu sai a juya ga tarihin binciken, domin a cikinsa ne ruɗanin ya samo asali. A ƙarshen ƙarni na 19, likitan Jamus Emil Kraepelin ya bayyana ciwon a matsayin lalacewar hankali da ke farawa tun da ƙuruciya kuma take ci gaba, ya ba shi suna mai wannan ma'ana. Eugen Bleuler na ƙasar Suwizalan, wanda ya kawo sunan da ake amfani da shi yau a shekarar 1908, ya lura cewa ba kowane marar lafiya ne ke lalacewa haka ba, amma ra'ayin Kraepelin ya fi kama zukata, kuma ya daɗe yana sa likitoci da iyalai su yanke ƙauna tun kafin a fara magani. A 1976 Eve Johnstone da Tim Crow da abokan aikinsu a Ingila suka yi amfani da sabuwar na'urar ɗaukar hoton cikin kai suka nuna cewa kogunan ruwan da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa sun fi faɗi a wajen waɗanda suka daɗe da ciwon. A 1985 kuma Bernhard Bogerts a Jamus ya auna ƙwaƙwalen marasa lafiyar da suka rasu, ya tarar hifokamfas ɗinsu ya fi ƙanƙanta.

Da na'urar MRI ta shigo, wato na'urar da ke amfani da maganaɗisu wajen ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar mai rai dalla-dalla ba tare da an yanka ba, sai shaidu suka yawaita. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi jan hankali shi ne binciken da aka buga a Amurka a 1990 a kan tagwaye masu kama ɗaya, waɗanda ɗaya ke da ciwon ɗaya ba shi da shi. A cikin tagwaye 15 da aka auna, a 14 wanda ke da ciwon ne hifokamfas ɗinsa na hagu ya fi ƙanƙanta. Tun da tagwaye irin waɗannan gadonsu na halitta ɗaya ne, wannan ya nuna cewa gado kaɗai bai isa ya bayyana ƙanƙantar ba. A 1998 aka tattara bincike masu yawa wuri ɗaya, aka sami ragin kimanin kashi 4 cikin 100 a ɓangarorin biyu. A 2016 wata haɗakar masana ta ƙasa da ƙasa mai suna ENIGMA ta kwatanta hotunan marasa lafiya sama da 2,000 da na masu lafiya da suka ɗan ɗara haka, ta tarar cewa a cikin sassan da ke can cikin ƙwaƙwalwa, hifokamfas ne ya fi nuna bambanci. Saboda haka maganar ƙanƙantar ta tabbata.

A nan akwai gargaɗin da ya wajaba mai sauraro ya ji da kyau. Wannan bambanci na taro ne, wato yana fitowa ne idan aka haɗa ɗaruruwan mutane aka ɗauki matsakaicin awonsu. Misalinsa kamar a ce maza sun fi mata tsawo: maganar gaskiya ce a jimlace, amma wanda aka gaya wa tsawon mutum kawai ba zai iya rantsewa cewa namiji ne ko mace ba, domin dogayen mata da gajerun maza suna da yawa. Haka abin yake a nan. Masu lafiya da yawa suna da ƙaramin hifokamfas kuma ba za su taɓa yin wannan ciwo ba, marasa lafiya da yawa kuma nasu daidai yake da na kowa. Ana kuma samun irin wannan ƙanƙanta a cikin ciwon baƙin ciki mai tsanani, da ciwon firgicin da ke biyo bayan bala'i, da wani nau'in farfaɗiya, da ciwon mantuwa na tsufa. Shi ya sa har yau babu likitan da ke gano sikizofiriniya da hoton ƙwaƙwalwa. Ana gano shi ne ta hanyar zama da marar lafiya da iyalinsa, a saurari labari, a lura da alamu. Idan likita ya nemi hoto, yawanci yana son ya tabbatar ne cewa ba ƙari ko rauni ko wata cuta daban ce ta kawo rikicewar ba.

Daga nan sai babbar tambaya ta biyu: yaushe ƙanƙantar ta faru? Binciken farko-farko an yi shi ne a kan mutanen da suka shekara goma ko ashirin da ciwon, waɗanda suka sha magunguna masu yawa, suka zauna a asibiti babu motsa jiki, da yawansu kuma suna shan taba sosai. Ba a iya sanin ko ciwon ne ya rage sashen, ko magani, ko irin zaman da suka yi. Mafita ita ce a auna matasa a karon farko da ciwon ya bayyana. Da aka yi haka, aka tattara sakamakon a 2006, sai aka ga ƙanƙantar tana nan tun a wannan mataki, har a wajen waɗanda ba su daɗe da fara shan magani ba. Wannan ya wanke magani daga zargin cewa shi ne asalin matsalar.

A shekarar 2006 ɗin ce kuma masanan birnin Melbon na Ostireliya, ƙarƙashin Dennis Velakoulis da Christos Pantelis, suka buga wani babban bincike da ya jera rukunoni daban-daban. Matasan da ake ganin suna cikin haɗarin kamuwa, amma ciwon bai bayyana sosai ba, hifokamfas ɗinsu daidai yake. Waɗanda sikizofiriniya ta fara kamawa, na hagu ne ya ragu. Waɗanda suka daɗe da ciwon, dama da hagu duka sun ragu. Duk wanda ya kalli wannan jeri zai ce ai ga shi nan, sashen yana raguwa mataki bayan mataki, kamar yadda Kraepelin ya faɗa.

Sai dai akwai tarko a cikin wannan fahimta, kuma wurin nan ne ya fi cancantar a tsaya a kai. Rukunonin nan uku mutane ne daban-daban da aka auna sau ɗaya. Rukunin masu ciwon farko ya ƙunshi kowa da kowa: wanda zai warke bayan 'yan watanni, da wanda ciwon zai zauna masa. Rukunin waɗanda suka daɗe kuwa, an riga an tace shi, domin waɗanda suka warke sun koma gidajensu da sana'o'insu, ba a samun su a asibiti balle a auna su. Waɗanda suka rage su ne masu ciwo mai nauyi. Idan har masu ciwo mai nauyin nan tun farko hifokamfas ɗinsu ya fi ƙanƙanta, to rukunin ƙarshe zai fi nuna ragi ko da babu mutum ɗaya da sashensa ya ƙara raguwa. Hanya ɗaya ta warware wannan ita ce a bi mutum ɗaya, a auna shi yau, a sake auna shi baɗi, a sake bayan baɗi.

Irin wannan aiki ne masanan jami'ar Vanderbilt ta Amurka, Maureen McHugo da Stephan Heckers da abokan aikinsu, suka buga a 2020. Sun bi matasan da ke farkon ciwon har shekara 2, suna maimaita hoto. Abu biyu suka fito. Na farko, girman hifokamfas bai ci gaba da raguwa ba a tsawon wannan lokaci. Na biyu, waɗanda ciwonsu ya zauna har aka tabbatar da sunan sikizofiriniya, tun a awon farko ne aka ga nasu ya fi na masu lafiya ƙanƙanta, alhali waɗanda ciwonsu ya tsaya a matakin wucin gadi nasu bai bambanta da na masu lafiya ba. Aikin wannan rukuni ya kuma nuna cewa a farkon ciwo ragin ya fi taruwa ne a ɓangaren gaba na sashen. Ba duk binciken da ya bi marasa lafiya ne ya yi daidai da wannan ba, domin akwai waɗanda suka ga ɗan ragi a wasu ƙananan yankuna na sashen, musamman a wajen masu alamu masu tsanani. Amma hoton da ya fi rinjaye shi ne na sashen da ya riga ya ragu kafin a zo asibiti ko daf da zuwa, sannan ya tsaya kusan yadda yake a shekarun farko.

Ya kamata a maimaita wannan, domin shi ne ginshiƙin sharhin yau. Ƙanƙantar hifokamfas tana nan tun farko. Tana da alaƙa da nauyin ciwon da zai biyo baya. Amma shaidar da ake da ita ba ta goyi bayan tsohon ra'ayin nan na ƙwaƙwalwar da ke ruɓewa kowace shekara ba. Wannan labari ne mai daɗi ga iyalai, kuma abin takaici ne yadda bai kai kunnuwan da ya kamata ya kai ba, domin yanke ƙauna kan sa a jingine marar lafiya a ɗaki, a daina kashe masa kuɗin magani, a cire shi daga lissafin aure da gado da sana'a tun yana ɗan shekara ashirin.

Tambaya ta gaba ita ce, me ke faruwa a watannin da ciwon yake shirin bayyana? A nan binciken jami'ar Kolombiya da ke birnin Niyok, wanda Scott Schobel da Scott Small da abokan aikinsu suka buga a 2013, ya ba da haske. Sun bi matasan da ke cikin haɗari, suka tarar cewa waɗanda daga baya ciwon ya kama, tun kafin nan wani yanki na hifokamfas ɗinsu yana aiki fiye da kima, yana jan jini da yawa, kuma a wannan yankin ne ragin ya bayyana bayan ciwon ya fito. Da suka gwada a kan ɓeraye, sai suka ga cewa yawaitar gulutamet, wato sinadarin da ƙwayoyin jijiya ke amfani da shi wajen zaburar da juna, ita ce ke haddasa wannan zafin aiki da ragin da ke biyo baya. Anthony Grace na jami'ar Pittsburgh ya ƙara wani ɓangare na bayanin: idan ƙananan ƙwayoyin jijiyar da aikinsu shi ne taka wa sauran burki suka yi rauni, hifokamfas kan yi ta aika saƙo ba ƙaƙƙautawa zuwa sashen da ke sakin dofamin, sinadarin da ke sa ƙwaƙwalwa ta ɗauki abu da muhimmanci. Dofamin ya yi yawa, sai komai ya zama alama, komai ya zama saƙo. Magungunan da ake bayarwa a asibiti suna rage tasirin dofamin ne, shi ya sa suke kwantar da muryoyi da zargi, amma ba su cika gyara raunin riƙe abu a ƙwaƙwalwa ba.

Game da abubuwan da ke sa sashen ya kasance ƙarami, za a taɓa su a gurguje. Gado yana da hannu. Wahalar haihuwa da ta hana jariri isasshiyar iska tana da hannu, domin hifokamfas yana cikin sassan da ƙarancin iska ya fi yi wa illa, kuma bincike a ƙasar Finlan ya danganta ta da ƙanƙantar sashen a wajen masu ciwon. Damuwa mai tsawo ma haka, domin sashen cike yake da wuraren karɓar kotizol, sinadarin da jiki ke saki idan yana cikin tashin hankali, kuma masana a Landan sun sami alaƙa tsakanin yawansa da ƙanƙantar hifokamfas na hagu a wajen masu ciwon farko. Sai tabar wiwi, wadda shanta mai yawa na shekaru yake da alaƙa da ragin sashen, kuma wani babban bincike da aka buga a 2019, wanda aka gudanar a wurare da dama na Turai da kuma Birazil, ya nuna cewa masu shan mai ƙarfinta kullum sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kusan sau 5 wajen haɗarin rikicewar hankali. Wanda ciwon ya riga ya kama kuma ya ci gaba da sha, ya fi saurin komawa asibiti.

Yanzu an iso wurin da maganar ta bar ɗakin bincike ta shigo cikin gida. Akwai wani abu da likitocin ƙwaƙwalwa ke ƙirgawa, wato tsawon lokacin da ke tsakanin bayyanar alamu da fara magani. A 2018 Donald Goff da abokan aikinsa suka buga binciken da aka yi a birnin Shanghai na ƙasar Sin, inda aka auna marasa lafiya a farkon magani da kuma bayan mako 8, aka ga cewa waɗanda suka fi daɗewa babu magani su ne hifokamfas ɗinsu na hagu ya fi saurin raguwa a wannan ɗan tsakani. Masana ba su gama daidaita baki a kan ko jinkirin magani da kansa yana cin ƙwaƙwalwa ba, domin wasu binciken ba su ga irin wannan alaƙa ba. Amma a kan sakamakon rayuwa babu irin wannan saɓani: bincike masu yawa daga ƙasashe daban-daban sun nuna cewa gwargwadon daɗewar jinkiri, gwargwadon wuyar warwarewa. A Amurka, wani babban gwaji na kulawa ta musamman ga masu ciwon farko, wanda ya haɗa magani da ilimantar da iyali da taimakon komawa makaranta ko aiki, ya fi amfanar waɗanda jinkirinsu bai kai mako 74 ba. Fahimtar illar jinkiri ce ta sa Patrick McGorry ya buɗe cibiyar kula da matasa masu ciwon farko a Melbon tun 1992, ƙasashe da dama kuma suka bi sahu.

Akwai kuma alamar cewa sashen yana iya amsa kyakkyawar kulawa. A shekarar 2000 aka nuna cewa direbobin tasi na Landan, waɗanda ke haddace dubban tituna kafin a ba su lasisi, ɓangaren baya na hifokamfas ɗinsu ya fi na sauran mutane girma. A 2010 wani ƙaramin gwaji a Jamus ya ba da rahoton cewa masu sikizofiriniya da suka yi wata 3 suna tuƙa keken motsa jiki sun sami ƙarin girman sashen. Gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su maimaita wannan ƙari yadda aka so ba, saboda haka bai kamata a yi wa kowa alkawari da shi ba. Abin da ya tabbata shi ne motsa jiki yana rage wasu alamun, yana taimaka wa tunani, yana kuma yaƙar ƙibar da wasu magungunan ke kawowa.

Kusan duk hotunan da aka ambata an ɗauke su ne a Turai da Amurka da Ostireliya da gabashin Asiya, amma darasin jinkiri ya shafi gidajen masu sauraro kai tsaye. A ƙasar Hausa, idan matashi ya fara magana shi kaɗai ko ya fara zargin abincin gidansu, abin da ake fara kawowa a rai shi ne iska ko sammu, a yi ta yawo daga wannan mai magani zuwa wancan, wani lokaci har a kai ga mari da ɗauri, sai bayan shekara ɗaya ko biyu a tuna da asibiti. Addu'a da zuwa asibiti ba sa karo da juna. Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya nuna haka tun 1954 a ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, inda marasa lafiya ke zama da danginsu suna karɓar magani, kuma gwajin da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, wanda aka buga a 2020, ya nuna cewa idan masu maganin gargajiya da na addini suka yi aiki tare da ma'aikatan lafiya, marasa lafiya sun fi samun sauƙi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Najeriya a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta tanadi kare haƙƙin waɗannan bayin Allah. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato da Dawanau ta Kano, ban da sassan da ke cikin asibitocin koyarwa.

Saboda haka kira na ƙarshe ga masu sauraro, iyaye da yayye da malaman makaranta da limamai da masu unguwanni. Babu iyalin da ke buƙatar hoton MRI kafin ya taimaki ɗansa, kuma babu wanda ya kamata ya sayar da gona domin a auna masa hifokamfas. Duk wanda ya ga matashi ya janye daga mutane, barcinsa ya lalace, yana jin muryoyi ko yana zargin na kusa da shi ba dalili, ya kai shi wurin ma'aikacin lafiya a cikin makonnin farko, ya raka shi, ya zauna a yi bayani tare da shi. Idan an fara magani, kada a dakatar da shi don an ga sauƙi sai da shawarar likita, kuma idan maganin yana wahalar da shi, a koma a faɗa, domin akwai wasu da za a iya canzawa. A raba shi da wiwi da sauran kayan maye, a bar shi cikin 'yan'uwansa, a taimaka masa ya koma karatunsa ko sana'arsa da zarar ya iya. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya ƙara wa masu jinyarsu haƙuri.